Gwiwar Malam Habu Kafinta

Ranar nan ina zaune a ƙofar gida nan Barnawa na ji ɗayanku yana cewa aikin da na yi ba aiki ba ne, wai mutum ya tsaya yana ce wa wani ɗaga ƙafa, sauke ƙafa, shi ke nan ya ci abinci. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. To tunda yau ruwa ya hana ku zuwa ƙwallo, ku matso in gaya muku yadda ɗaga ƙafar nan take.

Sunana Bulus, amma a kudancin kogi babu mai kirana haka a shekarun nan. Mai Murɗa suke cewa. Na zo Kaduna daga ƙauyenmu a ƙasar Zonkwa a farkon shekarun hamsin, da akwatin kwano da ɗan Turancin makarantar mishan. A lokacin, inda kuke kira Television yanzu gonaki ne da ciyawa, Kudenda kuwa sai mai neman itace. Wani kamfanin gine-gine na Turawa, wanda ya daɗe da mutuwa, ya ɗauke ni shara a ɗakin shan maganinsa da ke bayan Kakuri. A jikin ɗakin akwai wata rumfar kwano mai taga ɗaya. Nan ake aiko ma'aikacin da ya karye ko ya goce, bayan asibitin ƙetaren kogi ya cire masa filasta, don a gyara shi ya koma bakin aiki. Leburori suna kiranta ɗakin azaba.

Mai rumfar Saje Audu ne, Babarbare, tsohon soja da ya koyi aikin a asibitin sojoji lokacin yaƙin duniya. Ya ga ina leƙe in na zo shara, ya roƙi a ba shi ni. Da farko bai bar ni na taɓa kowa ba. Rawaninsa ya kwance ya ɗaure mini hannun hagu a ƙirji, ya ce kada in sake in kwance sai ya ce. Haka na yi ta shara da hannu ɗaya, na ci tuwo da hannu ɗaya, na kwana da shi, har aka kwana biyu sosai. Ranar da ya kwance, gwiwar hannun ta ƙi miƙewa. Ya kama ya ja a hankali, na ƙwala ihu.

Ya ce, "Ka ji? Hannun da babu abin da ya same shi ke nan, zama kawai ya yi. Yanzu ka san abin da za ka riƙa yi wa mutane. In ka manta, in sake ɗaure ka."

Kayan aikinmu ba irin waɗanda kuke gani a wuraren motsa jiki na yanzu ba ne. Jakunkuna ne da muke ɗinkawa da tsohon kaki mu cika da yashin kogi, manya da ƙanana, a ɗaura wa mutum a idon sawu ya ɗaga. Akwai wilin keke da muka rataye a rufi muka ratsa igiya ta cikinsa, hannu mai lafiya ya ja, mara lafiya ya bi sama ko yana so ko ba ya so. Akwai tiyub ɗin keke da muke yankawa don ja. Masu ciwon yatsu muna ba su laka su yi ta murzawa, ko mu zuba musu wake da dawa a faifai su tsince. Ruwan zafi a bokiti, tsumma, man kaɗe. Sai wata matakalar katako a tsakiyar rumfar, ka hau ta nan ka sauka ta can, ba ta kai ka ko'ina ba. Matakin ƙasan ya tsage tun kafin zuwana, in an taka sai ya yi ƙara ya karkace. Mun sha kai ƙara ofis a gyara. Kamfanin cike da kafintoci, amma ba a taɓa turo ko ɗaya ba.

Abin da ba ku sani ba game da wannan sana'a shi ne, mai zuwa wurinka ba ya son ka. Likitan da ya ɗora shi ana yi masa godiya, mai ɗori na gargajiya ana kai masa kaza. Kai kuwa sai ciwo ya lafa, mutum ya fara samun barci, sannan za ka zo ka tayar masa da shi, gobe ma ka sake. Wanda ya warke ba ya waiwayar ka. Na sha haɗuwa da mutumin da na mayar wa kafaɗa a kasuwar Kakuri, ya hango ni ya shige layin masu manja. Ban taɓa jin haushinsu ba, don fuskata tana tuna musu abin da suke son mantawa. Amma ba a kiran Mai Murɗa suna, ba a kiransa ɗaurin aure. Muddin Saje yana nan abin bai dame ni ba, mu biyu muke cin abincin rana a kan bencin marasa lafiya, shi yana zagin miyata, ni ina zagin tabarsa.

Muguwar shekarar ita ce wadda kamfanin ya samu kwangilar manyan sito-sito a gefen layin dogo. Aka ɗebo mutane daga gona aka ɗora su a sama, ana gaggawa, ga damina, katako yana santsi. Rumfa ta cika da karyayyu. A tsakiyar wannan ne tari ya kama Saje, ya ce shi ba zai mutu a garin mutane ba, ya shiga jirgin ƙasa ya nufi gida. Ban sake jin labarinsa ba. Ba a kawo kowa a madadinsa ba, aka ce tunda na ga yadda ake yi in ci gaba. Tun daga nan ni kaɗai nake cin abinci a bencin, kaɗaici kuwa ya dame ni ƙwarai.

A cikin waɗanda aka kawo akwai Malam Habu, kafinta, mutumin Malumfashi. Rufi ne aikinsa. Ya zame daga sama ya karye a cinyar hagu dab da gwiwa. Ƙashin ya haɗu lafiya, amma da aka cire filasta ƙafar ta fito a sandare kamar taɓarya. Hediman, wato shugaban ma'aikatan wurin, shi ne ya kawo shi da kansa, ya faɗi magana a gabansa ba ɓoye-ɓoye. Da ruwa ya ɗauke za a fara rufin sabon sito. Ranar za a kafa wa Habu tsani, in ya hau ya tsuguna a kan katako ya buga ƙusa, wurinsa na nan. In bai iya ba, a sallame shi. Kafintan rufi da ba ya tsugunawa ba shi da aiki a ko'ina, kuma mutumin yana da mata da 'ya'ya da tsohuwa a gida, duk shi suke kallo.

Dogon mutum ne mara fara'a, mai tsantseni. Kafin ya zauna a benci sai ya girgiza shi ya ji ko ƙafafun sun daidaita. Ranar farko da na sa shi ya taka matakala, matakin nan ya yi ƙara, ya dube shi ya dube ni.

"Wane maƙiyin Allah ya yi wannan?"

Na ce na tarar da shi haka. Ya ce abin kunya ne. Kullum ya taka sai ya faɗi haka, ko yana cikin gumi da cije leɓe.

Na yi masa duk abin da Saje ya koya mini. In gasa gwiwar da tsumma, in murza da man kaɗe, in kwantar da shi rub da ciki in kama diddigen in tura. Ba ya ihu, sai dai ya kama bakin benci har yatsunsa su yi fari. Kafin ya tafi sai in ga ta ɗan lanƙwasa, in ji daɗi. Washegari ya dawo, ta koma yadda take. Damina tana tafiya, mu muna wuri ɗaya.

Wata Asabar da yamma na bi shi unguwar Makera in ga yadda yake kwana. Gidan haya ne na wani mahauci, Malam Tanko, duk 'yan garinsu ne a ciki, masu sana'a iri-iri. Abin da na gani ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni amsa. Sun ɗaga masa gado da bulo don kada ya sha wahalar zama. An yi masa kujera mai rami ta zuwa bayan gida. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, wani tela ya yi wuf ya riga shi. Lokacin la'asar ya yi, aka zuba masa ruwa yana zaune, aka juya masa kujera gabas, ya yi sallarsa da ƙafa a miƙe. Kun san jinyar mutanen nan, ba sa barin nasu ya ɗaga ko tsinke. Daga fitowarsa wurina har komawarsa, gwiwar nan ba ta da dalilin lanƙwasawa ko sau ɗaya.

Na jira suka idar, na gai da Malam Tanko, na ce ina roƙon alfarma. A sauke gadon, a ɗauke kujerar bayan gida, a bar shi ya ɗauki butarsa.

Malam Tanko ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Azabar da kake gana masa can ba ta ishe ka ba, sai ka biyo shi gida? Mu bar ɗan'uwanmu yana rarrafe muna kallo? Kai a garinku haka ake jinya?"

Na ce, "Malam, tausayin nan ne zai sa a sallame shi."

Ya ce, "Arziki na Allah ne. Ga hanya nan."

Na fito na tako har ɗakina, ko ruwa ba a ba ni ba.

Da Saje yana nan da abin ya zo da sauƙi. Na sha jin yana gaya wa Musulmi 'yan'uwansa cewa duk abin da gwiwa take bukata yana cikin sallah, sunkuyawa, durƙusawa, zama a kan ƙafa, miƙewa, kuma babu ranar hutu. Yakan ce musu, "Allah Ya yi muku sauƙi ku zauna in ba ku iya ba. Ranar da kuka fara iyawa, ku fara sauka." Shi yana da bakin faɗin haka. Ni Bulus, ɗan mishan, in buɗe baki in gaya wa Bamalumfashe yadda zai yi sallarsa? Ko a mafarki.

Litinin da ya zo, bayan na gasa gwiwar, na ce masa, "Malam Habu, ina da tambaya ta aiki. Zaman nan da kuke yi a ƙasa in kuna sallah, har ina gwiwa take kaiwa? Ina so in san iyakar inda zan kai taka."

Ya ce ai sai ta naɗe gaba ɗaya. Na ce ya bayyana mini. Ya fara da baki, ni kuma na shimfiɗa buhu na durƙusa ina gwadawa. Wallahi ranar ba da gangan na yi ba, ban iya ba ne. Na zauna a kan diddige biyu kamar mai jiran tuwo.

"Ba haka ba. Kwantar da ta hagu."

Na kwantar da ta dama.

"Hagu na ce! Ta daman ka kafa ta, yatsu su dubi gaba."

Na kafa, na karkace, na kusa faɗuwa. Ya yi tsaki. Mutumin da ba ya iya kallon karkataccen benci, ina zai iya kallon wannan? Sai na ga ya dafa benci da hannu ɗaya, ya zamo, ya sa gwiwar dama a ƙasa, yana jan ta hagu a baya yana lanƙwasa ta don ya nuna mini. Bai kai ko rabi ba zafi ya tsayar da shi. Amma inda ya kai da kansa ya wuce duk inda na taɓa kai shi da hannuna. Muka dubi gwiwar tare.

Da ya koma benci ya share gumi ya ce, "Ka sani dai wannan ba sallah ba ce. Babu alwala, babu niyya. Nuni ne kawai."

Na ce na sani.

"Gobe ka sake gwadawa. Zamanka ya yi muni da yawa."

Haka muka ci gaba. Bayan jakar yashi da matakala, in shimfiɗa buhu biyu, in durƙusa, shi ya sauko ya gyara ni. Daga baya na iya zaman sarai, amma ban daina karkacewa ba, shi ma ina jin ya gane, bai daina tsaki yana saukowa ba. Kullum gwiwar tana ƙara ba da kai kaɗan. Wata rana ya ce mini ya sa an sauke gadon, wai bulon ba su daidaita ba.

Taga ɗaya ce a rumfar, amma ta isa. Wani ya leƙo ya gan ni durƙushe da goshi kusa da ƙasa, Habu a gefena. Kafin mako ya zagayo magana ta rabu biyu. A majami'armu wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Bulus, mun ji kana goga goshi a ƙasa. In za ka bar mu, ka faɗa mana da bakinka." Na yi masa bayanin gwiwa da tsani, ya saurara ya ce to. Lahadin da ta biyo na zauna a benci, aka bar mini shi ni kaɗai, har mai sayar mini da doya ya koma baya. A Makera kuwa cewa aka yi Mai Murɗa yana kwaikwayon sallah yana mai da ita wasa, Habu kuma yana taya shi. Can an ce na tafi, nan an ce na yi izgili, ni kuwa ina tsakiya da tsumman gashi a hannu.

Malam Tanko ya zo har rumfa da wasu mutum biyu, suka tarar da mu a kan buhu. Na miƙe a tsorace, don na san in suka kai ƙara ofis Turawan ba za su tsaya bincike ba, rufe rumfar za su yi. Habu bai miƙe ba. Yana durƙushe a kan gwiwa biyu, abin da 'yan gidansu ba su gani ba tun faɗuwarsa.

Malam Tanko ya ce, "Habu, me muke ji haka?"

Ya ce, "Yaya Tanko, ba sallah yake yi ba, ba wasa yake yi ba. Awo muke yi. Ni kafinta ne, sai na auna nake sanin abin da ya rage. In kuna son taimakona, daga yau ku bar mini butata."

Malam Tanko ya daɗe yana kallon gwiwar. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kai ƙara ba. Ya juya suka tafi.

Ruwa ya ɗauke gwiwar ba ta gama ba. Tana naɗewa, amma in zai miƙe sai ta ɗan makara. Ranar jajiberin gwajin na gasa ta, na ce ya fara hawa da dama, ya sauko da hagu, kada ya dubi ƙasa. Ya ce shi za a koya wa hawan tsani? Ya taka matakalarmu, matakin ya yi ƙara, ya ce abin kunya ne, ya ɗauki hularsa ya fita ba sallama.

Ban je wurin gwajin ba. Ina da mai ciwon kafaɗa da mai ciwon yatsu suna jira, kuma babu wanda ya gayyace ni. Na yini ina sauraron ƙofa. La'asar ta yi, aka tashi aiki, babu wanda ya leƙo ya ce mini ya hau ko bai hau ba. Washegari ma shiru. Hediman ba ya biyowa ta wajenmu sai da karyayye, Makera kuwa an riga an nuna mini hanya. Da na ji jiniyar jirgin yamma sai na ce a raina watakila yana ciki, da akwatin kayan aikinsa a kan cinya. Ranar ban iya cin tuwona ba.

Ranar Litinin na zo da safe na tarar da ƙofar rumfa a sakaye ba a kulle ba, ga garin katako a ƙasa. Na dubi matakala. An cire tsagaggen matakin ƙasa, an sa sabon katako, an goge shi sumul, kan ƙusoshin sun nutse daidai. Na taka, na yi tsalle a kai, ko motsi. Na tambayi mai gadi, ya ce wani dogon kafinta ne ya zo bayan asuba da katako a kafaɗa, ya ce a buɗe masa, yana sauri kada a buga ƙararrawa bai hau rufi ba.

Na koma na tsuguna gaban matakin. Tsawonsa daga ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma har ta ƙarƙashi an buga masa ƙusa. Babu yadda za a yi wannan aiki a tsaye, ko a kan kujera.

Na fita bayan rumfa inda ake hango sabon sito. Mutane ne tsugune a kan katakon rufi, ƙanana daga nesa, ƙarar guduma tana isowa a makare. Ban iya bambance kowa ba, har ɗaya ya miƙe zai karɓi kwanon rufi, ƙafar hagunsa ta ɗan makara kafin ta biyo. Bai dubi wajena ba, ni ma ban ɗaga hannu ba. Bai sake shigowa rumfar ba har na bar aiki, kuma ko a hanya muka haɗu gaisuwa ce ta kai kawai.

Mai kafaɗa ya iso yana ɓata rai tun daga ƙofa. Na ɗora ruwa a wuta, na ce ya zauna ya cire riga.